Tumatirin Da Ya Jira Kyamara

Ranar da Badamasi ya roƙi yayansa Iliyasu ya dakata da tsinkar tumatir, suna tsaye ne a bakin kanal bayan la'asar, ruwan Tiga yana wucewa a hankali yana jan ganyayyaki. Gonar da mahaifinsu ya rasu ya bari ta shimfiɗu a gabansu, eka biyu a gefen Kadawa. Tumatirin ya fara juyawa. Wani kore ne shar har yanzu, wani ya yi ruwan ɗorawa, ɗaiɗaiku ne suka soma ja ta gindi.

"Kwana biyar kawai, Yaya. Talata mu zo da kyamara, Laraba ka kira masu tsinka."

Iliyasu ya tsuguna ya tsinko guda mai ruwan ɗorawa, ya danna shi da babban yatsa. "Ka ga wannan? A haka ake ɗibansa. A haka zai shiga kwando, ya kwana biyu a bayan mota, ya isa Ikko ya yi ja yana da ƙarfinsa. In ya nuna a jikin uwarsa ba ya tafiya, Auta."

"Na sani. Ai ni ma a nan aka haife ni."

"An dai haife ka a nan," Iliyasu ya ce yana murmushi, ya kalli takalmin ƙanin nasa mai sheƙi wanda taɓo ya riga ya yi wa kwalliya.

Badamasi ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Shekararsa goma sha biyu a kamfanin talla a Kano. Ya fara ne da rubuta 'yan gajerun tallace-tallacen rediyo, na sabulu da maganin sauro, a kan wani teburi da ke kusa da ƙofar banɗaki. Yanzu shi ne shugaban sashen da ke ƙirƙiro tallar tun daga tushe, da ofishinsa, da motar kamfani, da mutum bakwai a ƙarƙashinsa. Kuma ya san cikin sana'ar kamar yadda ya san yunwar cikinsa. Tururin da ke tashi daga kwanon shinkafa a talabijin auduga ce aka jiƙa da ruwan zafi aka ɓoye a bayan kwanon. Kazar da ke ƙyalli kamar a ce bismilla ɗanya ce, burushi aka sa aka shafa mata kala. Matar da ke rungume da yara tana dariya ba ta san sunan ko ɗaya ba. Ba ya kiran wannan ƙarya, sana'a ce, da ita yake ci da ita yake sha. Amma akwai ranakun da yakan tsaya a danjar Kofar Nassarawa ya ɗaga kai ya ga allon da shi ya tsara, sai ya yi sauri ya kau da kai.

Shi ya sa da wani kamfanin tumatirin leda na Legas ya zo neman talla, Badamasi ya miƙe a ɗakin taro ya ajiye takardar da ya shirya, ya yi musu maganar gonar mahaifinsa. Ya ba su labarin ruwa yana shiga fangali da sassafe, da warin ganyen tumatir da ke kama hannu har dare, da jan da rana kaɗai ke iya dafawa. Ya ce zai ba su gona guda cur ta yi ja daga wannan baki zuwa wancan, ba rini ba dabara, a ɗauko ta daga sama. Suka tafa masa, suka ba kamfaninsu aikin. A bakin ƙofa, Hajiya Ni'imatullahi mai kamfanin ta ce masa wannan ne aiki mafi girma da suka taɓa samu, kuma a wuyansa yake.

A bakin kanal ɗin Badamasi ya ƙara da cewa, "Kamfani zai biya kuɗin wuri, Yaya. Akwai takarda ma da za a sa hannu."

Fuskar Iliyasu ta canza. "Haya za ka biya ni a gonar ubanka? Kada in ƙara ji." Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. "Kwana biyar zai ɗauka. Na ce zan jira, zan jira."

Badamasi ya koma Kano da zuciya fes. A hanya har waƙa ya yi shi kaɗai a mota.

Ranar Litinin da azahar Hajiya ta kira shi ofishinta. Tana cin gyaɗa soyayya daga wata 'yar kwalba, idonta a kan waya.

"Madam ɗin nan ta kamfanin Legas ta ce dole da ita za a ɗauka. Kuma gobe tana da taro. Sun mai da shi Juma'a."

"Ranki ya daɗe, tumatir ne fa. Ba ya jin an ɗaga."

"Kwana uku ne, Badamasi. Ba ka ce gonar gidanku ba ce? To ai da sauƙi. Da ta wani ce yanzu da muna nan muna rarrashi."

Ya fita baranda ya kira yayansa. Ya gaya masa, ana jin ƙarar injin ban ruwa ta cikin wayar.

"Juma'a," Iliyasu ya ce. "To. Allah ya kai mu."

Laraba da yamma aka sake kira. An canza zanen ledar tumatirin, tsohon ba zai fito a tallar ba, sabon kuma yana gidan ɗab'i. Sai Lahadi. Badamasi ya rubuta wa mutanen Legas wasiƙa mai tsawo, ya yi bayanin yadda tumatir ke nuna, da zafin da ya fara shigowa a ƙarshen Fabrairu, da abin da kwana biyu ke yi wa gona. Ya goge kalmomi masu zafi ya sa masu sanyi, ya sake gogewa. Amsar ta zo bayan awa huɗu, layi ɗaya: sun gode da sha'awarsa ga aikin, suna ɗokin ganin jar gonar.

Ya jefa wayar kan kujera. Mutumin da ya sa rabin Kano sayen maganin sauron da shi kansa ba ya kunnawa a gidansa, ya kasa sa mutum uku su hau jirgi.

Wannan karon bai iya kiran waya ba. Alhamis da safe ya ɗauki mota ya kama titin Zariya. Ya wuce Kura, masu shinkafa sun baza ta a bakin hanya tana shan rana. Ya wuce manyan motoci jere ana loda musu kwanduna, ƙarti suna cilla wa juna suna waƙa. Ko'ina tsinka ake yi. Gonar Iliyasu ce kaɗai ba kowa a ciki.

Ya tsaya a bakin kanal yana kallon gonar. Ta yi ja. Ta yi jan da ya faɗa a ɗakin taro, har ta fi. Rana ta faɗo a kanta, kowane reshe ya sunkuya da nauyi, kamar an watsa garwashi a kan koren bargo. Ƙwalla ta cika masa ido, ya rasa ta murna ce ko ta tsoro. Da yau kyamara na nan.

A gefen hanya ya ga wata babbar mota, da wani mutum mai gajeren wando da hula tashi-ka-fiye-naci yana magana da Iliyasu yana yarfa hannu. Ɗanbaba ne, dillalin da ke ɗaukar kayan gidansu zuwa kasuwar Kwanar Gafan tun mahaifinsu na da rai.

"Yauwa, ga mai gayyar," Ɗanbaba ya ce da ya hango shi. "Ɗan boko, zo ka yi wa yayanka magana. Yau in aka tsinke, rabi zai iya kai wa Ibadan. Sauran a sayar wa 'yan Kano da 'yan Kaduna. Jibi kuwa ko kyauta aka ba ni ba zan sa a motata ba, miya zan sauke."

"Lahadi ne, Baba Ɗanbaba."

"Lahadi. Ita ce ta gaya maka za ta kai Lahadi?" Ya nuna gonar da haɓa. "Ni dai tun da nake ban taɓa ganin an yi wa tumatir lalle ana jiran ango ba."

Iliyasu ya yi dariya kaɗan. "Je ka gonar Hambali, yana da kaya. Mu haɗu wani satin."

Motar ta tashi ta bar su. Badamasi ya lura ruwa ya cika ƙaramar magudanar da ke bi ta gefen gonarsu, maƙwabta sun jera tiyo suna ja zuwa fangalinsu, amma bakin gonar Iliyasu a toshe yake da taɓo.

"Yaya, ba yau ne ranar ruwanku ba?"

"Yau ne."

"To ka buɗe mana. Ganyen ya fara laushi."

"In na ba shi ruwa yanzu da ya nuna, gobe ka zo ka tarar duk ya tsattsage. In na hana shi, ganye ya yi yaushi. Wanne kake so a hotonka, ɗan ko uwar?"

Badamasi ya kalli ganyen. Bai taɓa tunanin akwai wannan zaɓin ba.

A gida, Hajara matar Iliyasu tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ɗago ta gan shi, ta ajiye rariyar.

"A'a, angona na birni. Ka zo ka ga amaryarka ta gona? Ta fi ni ja yanzu."

"Ke ai kin tsufa, Hajara. Na fasa."

"Ka fasa da kyau. Mijin da ke cewa Talata ya zo Lahadi wa ke so?" Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa fura a kwanon sha. Sai da Iliyasu ya zaga bayan gida yin alwala sannan ta matso, ta rage murya, wasan ya bar fuskarta. "Badamasi, yayanka ba zai faɗa maka ba. Kullum kafin rana ta fito yana gona, yana bin layi-layi yana cire waɗanda suka ruɓe don kada su shafi 'yan'uwansu. Jiya kwando uku ya zubar wa shanun Gidaɗo. Tun Nuwamba yake kan gonar nan, shi ya yi rainon iri, shi ya yi dashe, shi ya yi yaƙi da tsutsa. Ɗiban farko da na biyu su ne shekarar manomi, ka sani. Duk sun haɗu a jikin itace suna kallonmu."

"Me ya sa bai ce mini a'a ba?"

Ta dube shi kamar ya tambayi sunansa. "Shekara nawa rabon da ka roƙe shi wani abu? Kullum kai ne mai kawowa, shadda, waya, buhun sukari da azumi. Ranar da ka ce kana son gonar, ya shigo gidan nan yana fara'a kamar an yi masa haihuwa. Har a masallaci ya faɗa."

Ya ajiye kwanon furar. Da Iliyasu ya dawo yana sharce ruwa daga gemu, Badamasi ya miƙe tsaye.

"Yaya, ka tsinke. Ka kira Baba Ɗanbaba ya dawo, yau ɗin nan. Ni zan san abin da zan gaya musu."

"Me za ka gaya musu?"

"In ce gona ta ƙi jira. In nemo wata."

"A ina? Duk faɗin Kura da Bunkure ka nuna mini mahaukaci na biyu da ya bar tumatirinsa ya nuna a gona." Ya zauna a kan turmi ya jawo takalminsa. "Matar nan da kake wa aiki, in suka zo ba su ga ja ba, za ta ce maka sannu?"

"Wannan matsalata ce."

"Tun da ka fito daga cikin Inna matsalarka tawa ce. Kuma abin da zai lalace ya riga ya fara. In na tsinke yau, na yi asarar rabi, kai ka yi asarar duka. Bari dai ɗayanmu ya fita da abin kirki."

"Yaya, don Allah."

"Na ce maka zan jira a bakin kanal, ruwa ma ya ji. Kada ka mai da ni ƙaramin mutum. Tashi mu je masallaci."

Badamasi ya bi bayansa yana jin kamar ya kama shi ya girgiza. Bai taɓa sanin alheri na iya shaƙe mutum haka ba.

Asabar da yamma Hajiya ta kira. Tun kafin ta yi magana ya ji a jikinsa.

"Kada ka yi mini ihu. Jarumar da za ta riƙe kwando tana wurin wani aikin a Jos, sai Litinin za ta sauka. Talata da safe, wannan ba fashi, na sa sun rubuto."

"Ranki ya daɗe, a sa wata. Akwai mata ɗari a Kano da za su iya riƙe kwando."

"Fuskarta suka saya, ba kwando ba."

"Gonar tana mutuwa."

"Badamasi, kai ka tsaya a gaban mutane ka yi musu alkawarin gona, ba ni ba. Ni da ka tambaye ni da na ce a yi a ɗakin ɗaukar hoto a huta. Kai ka ce kana son na gaskiya. To ga gaskiya nan, haka take, ba ta da daɗin sha'ani." Ta ɗan sassauta. "Ka ba yayanka haƙuri. In an gama za mu aika masa da katan goma na tumatirin."

Ya kashe wayar ba sallama, abin da bai taɓa yi mata ba. Katan goma na tumatirin leda, ga mutumin da ke zubar wa shanu da ɗanye.

Talata, kwana goma sha biyu da magana a bakin kanal, motoci huɗu suka shigo ta burtalin da ke bin magudanar ruwa. Mutanen ƙauye sun fito, wasu a kan babura, wasu a kan gadar kanal. Iliyasu ya sa farar shaddar da Badamasi ya kawo masa da sallar bara, ya tsaya a bakin gonarsa yana yi wa baƙi maraba kamar ranar suna.

Daga nesa gonar tana nan ja, har ta yi duhu-duhu. Sai mutum ya shiga yake jin tsami-tsamin da ke tashi, ya ga ƙudaje, ya ga waɗanda suka faɗo suka fashe a ƙasa. Ganyen ya yi ruwan ƙasa ta gefe, ya naɗe. Madam ta Legas ta fito da ƙaton gilashi da laima, ta ce wurin ya yi kyau ƙwarai, ta koma mota ta zauna a sanyi tana kallon ƙaramin allon da aka haɗa mata. Jarumar ta taka guda ɗaya ya fashe mata a ƙafa, aka tsaya neman ruwa.

Musbahu, daraktan ɗaukar hoton, saurayi ne mai saurin baki da Badamasi ya daɗe yana aiki da shi. Ya tashi ƙaramin jirgin nan mai kyamara, ya yi ƙugi kamar zuma ya haye sama, ya bi gonar daga gabas zuwa yamma sau uku. Jarumar ta ɗaga kwando ta yi murmushi sau shida. Da aka zo ɗaukar tumatirin kusa-kusa, sai da aka bi layi huɗu kafin a samu guda biyar masu ƙarfi. Duka aikin bai kai awa ɗaya da rabi ba.

Musbahu ya juyo da allon. "Oga, zo ka gani. Baba, kai ma zo ka ga gonarka daga sama."

Iliyasu ya matso ya sunkuya, hannunsa a baya. Ya daɗe yana kallo. Bai taɓa ganin ta haka ba, ga kanal kamar zare, ga bishiyar mangwaron da mahaifinsu ya dasa, ga ja ya cika tsakani. Leɓensa ya motsa, Badamasi ya ji yana cewa masha Allah.

"Sai dai ganyen ya bushe," Iliyasu ya ce a hankali, kamar mai neman gafara. "Na hana shi ruwa ne don kada 'ya'yan su fashe."

"Kada ka damu, Baba, wannan ba komai ba ne." Musbahu ya taɓa allon da yatsa ya ja wani ɗan layi. Nan take ganyen ya koma kore shar kamar an yi ruwan sama jiya. "Ka gani? Ai ko tumatirin ma da ɗanye muka tarar, haka za mu ja shi ya yi ja. Aikin minti goma ne a kwamfuta. Ni da ma na ce wa Oga mu zo mu ɗauka tun makon jiya ba sai da Madam ba, jarumar mu haɗa ta daga baya, ya ce shi na gaskiya yake so."

Ya ja layin baya, ganyen ya mutu. Ya sake ja, ya rayu. Yana dariya.

Iliyasu ya miƙe a hankali. Bai kalli allon ba kuma, ƙaninsa ya kalla.

"Auta. Ka san da haka?"

Kalmomi ne sana'ar Badamasi. Yana da goma a bakinsa a shirye: ba daidai suke ba, ido yana ganewa, kwastoma ne ya nace. Duk suka zo suka tsaya a bayan haƙoransa.

"Na sani, Yaya."

"Tun ranar farko?"

"Tun ranar farko. So na yi sau ɗaya a rayuwata in yi abin da ba rini a ciki. In nuna gonar Baba yadda take." Ya sunkuyar da kai. "Ban zaci za su kai mu haka ba. Da suka fara ɗagawa kuma, sai na kasa komawa in ce musu a yi da kwamfuta, bayan duk abin da na faɗa a gabansu."

"Ka kasa gaya musu."

"Na kasa."

"Ni kuma ka iya gaya mini Juma'a, ka iya gaya mini Lahadi." Iliyasu ya gyaɗa kai, ba fushi a fuskarsa, kuma wannan ya fi komai ciwo. "Ranar Alhamis da ka zo kana cewa in tsinke, da ka ƙara mini da wannan maganar, da na tsinke. Ni na ɗauka in babu ja aikinka ya tafi."

Musbahu ya daina dariya, ya naɗe wayoyinsa ya sulale wurin mota.

Ɗanbaba yana cikin 'yan kallo a kan gada. Ya sauko ba wanda ya kira shi, ya shiga gonar, ya ɗauki ɗaya ya matsa, ruwa ya biyo masa yatsu har gwiwar hannu. Ya ɗauki na biyu, na uku. Ya goge hannu a wandonsa.

"Malam Iliyasu, ko Kano ba zai kai ba. Sai kauɗa."

Kauɗa ita ce makomar tumatirin da kasuwa ta ƙi: a yanka shi biyu, a baza a ƙasa rana ta busar, a tara a buhu a sayar da damina yadda ta samu. Iliyasu ya ce to. Ya cire farar shaddar ta ka, ya ninke ta da kyau, ya rataya a reshen mangwaro, ya rage daga shi sai singileti. Ya aika a gaya wa Hajara ta tara mata da wuƙaƙe, a share filin bayan gida. Sannan ya ɗauki kwando ya shiga layin farko.

Badamasi ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki wani kwandon ya bi shi. Na farko da ya kama ya narke masa a tafin hannu. Na biyu ya ja da ƙarfi, reshen ya biyo shi, wasu huɗu suka zube ƙasa suka fashe.

"Ajiye," Iliyasu ya ce ba tare da ya juyo ba.

"Yaya, bari in taya ka. Ko wannan ne kawai."

"Wanda ya nuna haka ba a jan sa, tallabo shi ake yi. Za ka ƙara mini ɓarna ne." Ya zo ya karɓi kwandon daga hannunsa, a hankali, kamar yadda ake karɓe wuƙa daga hannun yaro. "Baƙinka suna jira. Je ka sallame su, kada su ce mutanen Kadawa ba su da kirki."

"Zan dawo da yamma."

"Ka gama aikinka tukuna. Tun da an riga an biya shi da tsada, ka yi shi ya yi kyau."

Daga bakin hanya aka danna hon. Gilashin motar ya sauka, Madam ta leƙo tana ɗaga masa babban yatsa, tana cewa a gaya wa manomin ya yi ƙoƙari, kuma suna so a fara ganin tallar kafin azumi. Wayarsa tana ta ruri a aljihu, sunan Hajiya a kai.

Badamasi ya tsaya a tsakiyar fangali ba takalmi, hannunsa yana ɗiga. Yayansa ya riga ya yi nisa a cikin layin, a sunkuye, yana tallabo su ɗaya bayan ɗaya yana sawa a kwando. Bai ɗago ba. Aka sake danna hon, mai tsawo wannan karon. Badamasi ya ɗauki takalminsa a hannu ya nufi motar.